Rasuwar Tsohuwa a Hannun Mai Fentin Mota

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Baba Mai Jita na sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da makaɗan jita na kusa da na nesa, har da masu rataya ta a wuya don kawai a ɗauke su hoto, rasuwar abokiyar zamansa, jitar lantarkin nan da kowa ya sani da suna Tsohuwa. Ta rasu bayan gajeriyar jinyar da ba ta nema ba a garejin surukinsa mai fentin mota. Lafiyarta ƙalau aka ɗauke ta. Masu cewa ai har yanzu tana ƙara idan an jona mata wuta, a gaya musu tsohon firji ma yana ƙara.

Marigayiyar 'yar babban gida ce, daga zuriyar jitocin nan na asali da ake yankawa daga katako guda, babu rami babu kogo. Ƙaho biyu gare ta, ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo, da ƙugu a lanƙwashe daidai haƙarƙarin mai riƙonta, da kunnuwan maganaɗisu uku masu ɗaukar sauti a jere ƙarƙashin tsirkiya shida. Launinta baƙi ne daga gefe, ya narke ya koma ja, ya ƙare a ruwan zuma a tsakiya. Makaɗan jita mutane ne da ko lokacin haɗuwa ba sa iya yarda da juna a kai, amma sun haɗu a kan magana ɗaya: tun da aka yanka wannan siffar ba a sake yanka wadda ta fi ta ba. Sai ka ga ƙato da furfura, wanda bai san ajin da ɗansa yake ba, ya zauna yana bayanin irin itacen wuyanta da ƙasar da aka saro shi, yana shinshina ta yana lumshe ido. Baba bai taɓa musun cewa wannan ciwo ne ba. Shi dai cewa yake nasa ciwon yana da dalili, na sauran kuwa kwaikwayo ne.

Ta yi zaman duniya da haƙuri da kawaici. Ruwan sama ya dake ta a filin wasa ba ta yi fushi ba. Ta faɗo daga saman motar haya, ta tashi da ɓantarewa a wuya, ta je ta yi aikinta a ranar. Idan Baba ya taɓa ta da sassauci sai ta ce "tiririn, tiririn," kamar mai gaisuwa daga bakin ƙofa. Idan ya danne tsirkiya ya tura sama sai ta ja "waaaan," har matan da ke bayan zaure su daina hira. Aibinta ɗaya, in ta tsaya kusa da dogon ƙwan lantarki takan yi ta "zzzz" ƙasa-ƙasa, kuma wannan ma Baba ya ce gunagunin tsufa ne, duk mai shekaru yana da haƙƙin yin sa.

Jikinta kuwa duk tabo ne, kuma kowane tabo da tarihinsa. Inda damtsen Baba ke gogawa fenti ya tafi tuntuni, katako ya fito yana sheƙin gumi. Bayanta kuwa ƙarfen bel ɗin Baba ya zane shi kaca-kaca. A kanta akwai ƙunar taba, aikin wani mai ganga da ya riga mu gidan gaskiya. Bayan wuyan nan kuma, inda ba mai kallo, babban yatsan Baba ya ci katako a hankali har ya yi 'yan ramuka, wani ƙasa, wani tsakiya, wani can sama kusa da ɓantarewar motar haya.

A nan ne za a faɗi abin da marigayiyar ta rufe wa mai ita, tunda dai yanzu babu sauran abin rufewa. Idon Baba ya daɗe da fara tafiya. Farko fararen ɗigon da ke kan wuyan jitar ne suka ɓace masa, daga baya fuskokin 'yan kallo suka koma hazo. Bai gaya wa kowa ba, domin ya san Oga, shugaban ƙungiyarsu, mutum ne mai tausayi a baki, kuma ya san akwai mai fiyano da ya daɗe yana cewa injinsa na iya yin muryar jita. Ranar da aka ji Baba ba ya gani, ranar za a kawo masa kujera mai laushi a ce ya huta. Ramukan nan su suka zame masa ido. In waƙa ta kai inda zai yi tsalle daga ƙasan wuya zuwa sama, yatsansa ke gudu ya faɗa raminsa, sauran yatsun su sauka inda ya kamata. Yana kaɗawa kai a sama, mutane na cewa ƙwarewa ce ta sa ba ya ko duban hannunsa. Tsohuwa ta san gaskiya, ba ta taɓa faɗa ba.

Ciwon ajali ya shigo ta ƙofar ƙauna, kamar yadda ya saba. An shirya taron karrama Baba a babban zaure, da masu ɗaukar hoto da komai. Ana saura 'yan kwanaki zazzaɓi ya kwantar da shi. Auta, 'yarsa, ta je ɗakin atisaye ɗauko masa hularsa da ya manta, ta ga jitar a jingine, ta ji kunya ta kama ta. A ganinta ba daidai ba ne a haska mahaifinta a gaban jama'a yana rungume da abin da ya yi kama da ƙyauren kicin. Sai ta naɗe ta a zane ta kai wa mijinta.

Shi kuma Mai Fenti, bawan Allah, mutum ne da in ya ga tabo a jikin abu ba ya iya cin abinci. Ya kwance tsirkiyoyin, ya cire kunnuwan ya zuba a gwangwanin madara tare da kusoshin wata tasi. Ya ɗauko samfefar gurza, mai kaushin farko, mai laushin daga baya, ya bi ta lungu-lungu. Gumin shekaru ya tashi ya zama ƙura, ya share da tsintsiya. Da ya juya wuyan ya ga ramukan, sai ya girgiza kai don tausayi, ya kwaɓa ƙullun da ake cike lotsewar mota, ya cike su ɗaya bayan ɗaya, ya goge har sai da tafin hannunsa ya wuce sumul. Sannan ya fesa mata ragowar shuɗin fentin wata motar ɗaukar ma'aikata, ya bi da mai sheƙi har hawa uku, wuya da jiki duka. A yi masa adalci, ko ɗigo bai zubo ba. Da ƙofar mota ce da an yaba.

Da safiyar taron suka kawo ta, mata da miji, suna murmushi. Kafin a buɗe zanen Baba ya ji warin gareji. Ya miƙa hannu ya shafa bayan wuyan daga ƙasa har sama, ya sake shafawa, ya ji santsi kamar kwalba.

"Baba, ka ga Tsohuwa ta koma amarya," in ji Auta.

"Ranka ya daɗe, duk ramukan nan na toshe su," in ji Mai Fenti, yana durƙushe. "Akwai wani can sama, sai da na yi masa sau biyu."

Me mutum zai ce wa surukin da ya durƙusa yana jiran yabo? Baba ya ɗora jitar a cinya. "Sannu da aiki," ya ce. "Allah ya yi albarka." Garin neman gira an rasa ido, kuma mai idon ne ya yi godiya.

Ta cika ne da yamma, a gaban jama'a, a tsakiyar waƙa ta uku. Biyun farko Baba ya lallaɓa a ƙasan wuya, inda hannu ya san gida ko babu alama. A ta uku sauran makaɗa suka yi ƙasa da sauti suka bar masa fili, kamar yadda aka saba. Yatsansa ya tashi da gudu neman raminsa, fenti ya riƙe shi a hanya, ya fizge, ya zarce. Tsohuwa, wadda ba ta taɓa ɗaga murya a kan kowa ba, ta ce "ƙiiiii," kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ya dawo baya, ya sauka a wani wurin da ba shi ba. Ya sunkuyar da kai yana duban wuyan, abin da ba a taɓa ganin ya yi ba, kuma duban bai amfana masa komai ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: mai fiyano ya danna maɓallinsa, muryar jitar roba ta cika zauren, jama'a suka tafa. Wasu ma sun ce ba su lura an canja ba, kuma a kan waɗannan ba za a ce komai ba.

Mutum ɗaya ce ba ta tafa ba. Auta na sahun gaba, ta zuba wa hannun mahaifinta ido, ta ga yadda babban yatsan ke lalube sama da ƙasa. Ta san wannan laluben. Ta sha ganinsa a bangon soro da kan tebur wajen neman kofi, tana cewa gajiya ce. Bayan an tashi ta same shi a bayan dandali yana naɗe waya.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Ina tsaye a gabanka, kana amsa wa labule."

Baba ya ci gaba da naɗe wayar har ta ƙare. Kashegari Oga ya zo gida da kansa, ya yi dogon jawabi a kan girma da hutawa da yadda ƙofa a buɗe take kullum. Har kujerar ya ambata.

Marigayiyar ta rasu ta bar lasifika guda, wadda tun ranar ba ta ce uffan ba, da igiyar rataya ta fata da ta ɗauki siffar kafaɗar mai ita, da akwati mai kwaɗo ɗaya. Ta bar makaɗan jita masu yawa da ke kiran kansu 'ya'yanta. Su ne waɗanda a da ke layi suna roƙon a bar su su riƙe ta ko na minti ɗaya, suna tambayar wa za a bar wa ita in ta Allah ta kasance. Kafin su zo gaisuwa sun biya ɗakin atisaye, sun buɗe akwatin, sun ga shuɗi, sun rufe da sauri kamar sun ga abin kunya. Dogo, wanda ya fi kowa naci a kanta, ya tsaya a tsakar gida yana lissafa abin da aka yi asara: fentin asali, ƙunar taba, sheƙin damtse. Bai tambayi Baba yaya jiki ba. Wannan Dogon kuwa shi ne ya sayi sabuwar jita bara, ya ɗaure ta a bayan babur ya ja ta a kan tsakuwa don ta yi kama da tsohuwa.

Ta kuma bar Mai Fenti, wanda da ya fahimci ɓarnar ya zo har ɗaki da sukudireba a aljihu, ido ya yi ja. "Ranka ya daɗe, in ka nuna mini wuraren, wallahi yanzu zan haƙa maka su." Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Baba ya ce masa ya mayar da ƙarfensa aljihu. Ramin da yatsa ya yi rabin rayuwa yana ci ba a haƙa shi kafin la'asar, kuma Baba ba shi da wani rabin da zai sake bayarwa. An yafe wa suruki, domin ba mugu ba ne. Da mugu ne ma da abin ya zo da sauƙi, da an san da wa za a yi fushi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, in Allah ya kai mu. Za a ɗauko gawar daga ɗakin atisaye, a bi ta layin masu walda, a wuce kantin magani, a kai ta makwancinta a ƙarƙashin gadon mai ita. Ba a buƙatar kiɗa, musamman na fiyano. Ana roƙon makaɗan jita su bar bayanin itace a gida, wanda kuma ya ji bakinsa na ƙaiƙayin cewa "ai ta yi kyau," ya tsaya daga bakin titi. Mai Fenti ne zai ɗauki akwatin, tunda shi ya yi mata wanka. Baba Mai Jita zai biyo baya a kan hanyar da ya yi shekaru yana bi shi kaɗai da jitarsa a kafaɗa. A wannan karon hannunsa na hagu zai kasance a kafaɗar Auta, kuma ana roƙon jama'a kada kowa ya yi masa sannu.