Tasoshin Kaka a Gonar Kabeji

"Nuna, an tashi lafiya? Kin karya kuwa?"

"Da na karya da ban karya ba, ba damuwarka ba ce. Ɗaga min ƙafarka daga kan kabejina!"

Ina bakin katangata ina shanya barkono na jiyo wannan gaisuwar, sai na bar tabarmar na leƙa. Gonar Ham Malsun tana manne da gidana, kuma duk ƙauyen nan an san in ita da Bang Gilsu suka haɗu, mai aiki ajiye aikinsa yake yi. Ita 'yar kawunsa ce, ta girme shi da shekara uku, shi ya sa yake ce mata Nuna, wato Yaya. Ban da wannan kalmar babu wani ladabi da ya rage tsakaninsu tun suna yara. Shekara talatin da huɗu ya yi yana raba wasiƙu a birnin Gangneung, bara ya yi ritaya ya dawo gida. Yau kwana biyar ke nan yana sammako gonarta da sabuwar na'urar gano ƙarfe, abin ji a kunne, 'yar shebur a ƙugu. Kwana huɗun farko a ƙasan gona ya yi su, inda ba a shuka komai ba. Yau ya hauro cikin kabejin da za ta yi kimchi da shi, wato tsimin kabeji da barkono da ake ci duk shekara, har ya tuge uku.

"Ba tugewa na yi ba," in ji shi. "Matsar da su na yi."

"Matsarwa? Kabeji ne ko kujera? Kuma ka cire wannan abin daga kunnenka in ina maka magana."

"Ai saboda ke na zaɓi mai kauri."

"Dube shi don girman tsufa. Mutum da jikoki, yana yawo da faranti a bakin sanda kamar wanda aka ɗauka sharar tasha."

"Wannan farantin yana jin abin da ke ƙarƙashin ƙasa har kamu biyu. Ke kuwa shekara arba'in mijinki yana magana a gefenki, ko sau ɗaya ba ki ji ba."

"Ya taɓa faɗin abin da za a ji ne? Kawo jakar nan in ga arzikin da ka tono mana."

Ba ta jira ya miƙa ba, ta fizge jakar daga kafaɗarsa ta zazzage a kan kunya. Murafen kwalba suka zubo, da ƙusoshi masu tsatsa, da haƙorin manjagara, da kwanson harsashi guda biyu, da wani lanƙwasasshen ƙarfe. Ta ɗaga shi da yatsu biyu.

"Wannan fa?"

"Takalmin kofaton bijimi ne. Ki riƙe shi da mutunci, ya girme ki."

"To ka saka, zai yi maka daidai."

"Ke ba ki san darajar tsohon abu ba."

"Ni? Ni da nake gaisawa da kai kullum?" Ta juyo wajena. "Maman Dahye, ke shaida ce. Ba yau ya fara ba. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce ya zo gonar nan da wata irinta, mai nauyi kamar turmi, ya ce ya ji dukiya. Ya kafta diga, ya fasa bututun ruwa. Kwana uku ƙauyen nan ba ruwa!"

"Kwana biyu da rabi."

"Babana ya bi shi da sandar ɗaukar kaya har bakin titi, takalmi ɗaya ya shiga mota da shi."

"Kawu bai kama ni ba dai."

"Tausayin Gwaggo ya ji. Daga nan ka rataye abin, muka ce ya yi hankali. Ashe jira kake a sallame ka daga aiki ka dawo kan haukarka."

"Ba sallamata aka yi ba, ritaya na yi, har da furanni da takardar yabo."

"Murnar rabuwa da kai suke yi."

Abin da yake nema kowa ya sani. A zamanin mulkin mallaka, lokacin da ake bi gida-gida ana kwashe kayan tagulla don yaƙi, an ce kakarsu ta binne tasoshin gidanta a gonar nan. Babu wanda ya gani sai 'yarta Okbun, mahaifiyar Gilsu, tana 'yar shekara takwas. Kakar ta rasu ba ta tone ba, aka yi wani yaƙin, aka sare itatuwa, iyakoki suka sauya. Okbun ta yi ta faɗa har ƙarshen ranta, dangi kuwa suna yi mata dariya, musamman wanta, baban Malsun.

"Inna ta ce taku goma sha biyu daga gindin kanya, wajen fitowar rana," in ji Gilsu. "Na tambaye ki inda kanyar take, kika nuna min ƙasan gona."

"A can take."

"Ƙarya kike, Nuna. Jiya na zauna da tsoho Sim, shekararsa casa'in da ɗaya, ya ce ya sha hawanta. Ya ce ga inda take, jikin dutsen can."

"Tsoho Sim da ya kira surukarsa da sunan karensa?"

"Kama suke yi, ba laifinsa ba ne. Na auna daga dutsen, da takun yarinya, ba nawa ba. Nan ya kawo ni, tsakiyar layi na huɗu."

Malsun ta taka ta tsaya ƙyam a tsakiyar layi na huɗun, ta riƙe ƙugu.

"To bismillar tona, amma ta kaina za ka fara."

"Matsa in gwada kawai."

"Ko ƙasa za ta tsage ba na matsawa."

Ya mayar da abin jin kunnensa, ya zagayo da farantin ta gefen ƙafarta. Na'urar ta ƙwalla wata ƙara da har ni daga katanga na ji. Gilsu ya yi tsalle kamar ba shi ne mai ciwon baya ba.

"Kin ji! Kin ji ko! Babban abu ne! Maman Dahye, kin ji da kunnenki!"

"Sakarai," in ji Malsun. "Gwiwata ce. Ƙarfen da likita ya sa min bara waccan."

Ya ɗaga farantin sama zuwa gwiwar, ƙarar ta ƙaru. Ya sauke, ta ragu. Ya daɗe yana kallon ƙafar.

"Kwana biyar ina wahala, abu mafi tsada da na samu yana jikin tsohuwa mafi arha."

"Taɓa ka gani, in ƙarfen bai sauka a haɓarka ba."

"In kin mutu ni zan gaji gwiwar nan, ki sa a rubuta."

"Kai za ka riga ni. Dubi wuyanka kamar na kazar da ta sha ruwan sama."

Na yi zaton nan za a tsaya, ya kwashe ƙusoshinsa ya tafi kamar yadda suka saba. Sai na ga ya zare shebur daga ƙugu, ya matsa gefenta taku ɗaya, ya kafa ta a gindin wani ƙaton kabeji.

"Gilsu! Gidaje uku ke cin kimchin nan. 'Ya'yana biyu a Seoul, da gidanka kai kanka, marar kunya!"

"In bari sai wata mai zuwa, ko? Ki cire kabeji, sanyi ya sauko, ƙasa ta daskare, ki ce sai bazara. Bazara ta zo ki ce kin shuka dankali. Haka Kawu ya yi ta yi wa Inna." Muryarsa ta sauya, babu wasa a cikinta. "Shekara sittin ana ce mata mai tatsuniya. A kan tabarmar bikin aurena Kawu ya ce mafarki ta yi, mutane suka kwashe da dariya, ta sunkuyar da kai tana murmushi. Yau zan tona, in kin ga dama ki kira 'yan sanda."

Ya ɗora ƙafa a kan shebur.

"Babu komai a wurin!" Malsun ta daka masa tsawa. "Na tone su. Shekara goma sha ɗaya ke nan."

Ƙafar ta tsaya a inda take. Ni ma barkonon da ke hannuna sai da ya zube.

"Kin yi me?"

"Kurma ne kai? Lokacin da muke gyaran magudanar ruwa. A cikin tulu suke, an toshe bakin da yumɓu. Guda biyar, da cokula."

"A ina?"

Ta nuna da haɓa. Layi na huɗu, kusan inda shebur ɗinsa take.

"Suna ina yanzu?"

"A kicin ɗina, ina kuma? Duk bikin girbi na Chuseok a ciki kake cin shinkafa. Bara ma har cewa ka yi in sayi sababbin kwanuka, waɗannan sun tsufa."

Fuskar Gilsu ta yi ja kamar abin da nake shanyawa.

"Kwana huɗu! Kwana huɗu kika bar ni ina haƙa ƙasan gona kamar jaki, kina zaune a inuwa kina cewa in ƙara zurfi!"

"Tafarnuwa zan shuka a wurin. Ƙasar ta yi tauri, mai tarakta kuma ya ce sai nan da mako biyu."

"Noma na yi miki!"

"Ka kuwa iya. Da shi ka yi tun farko da wasiƙun mutane sun huta."

"Muguwa! Azzaluma! Har shayin sha'ir kike kawo min kina cewa sannu!"

"To da ruwa zan hana ɗan ƙwadago? Kuma matarka ce ta roƙe ni. Ta ce wata takwas kana zaune gaban talabijin, ba ka magana sai in za ka tambayi abinci, sau uku a rana. Ta ce in riƙe mata kai ko na mako ɗaya ne."

"Ita ma da ita?"

"Har da kwalin tuffa ta aiko min."

"Bar zancen matata. Shekara goma sha ɗaya, Nuna. Me ya hana ki faɗa min?"

Malsun ta sunkuya ta gyara ganyen da babu abin da ya same shi.

"Wata biyar da binne Gwaggo muka same su," ta ce, ba ta ɗago ba. "Babana na tsaye aka fasa tulun. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar yaro. Ya ce kada in faɗa maka yana raye, ba zai iya haɗa ido da kai ba. Da ya rasu kuma, sai ni kunyar ta kama. Kullum in ce bana zan faɗa, sai ka zo ka ci ka ƙoshi ka zagi miyata ka tafi."

"Miyar ce gishiri ke yi mata yawa."

"Rufe min baki. Tsaya nan, kada ka taɓa min ko ganye ɗaya."

Ta shiga gida tana ɗingishi. Gilsu bai kalle ni ba, ni ma na yi kamar ina tsintar barkono. Da ta fito tana riƙe da 'yar ƙaramar tasa, ƙaramar cikinsu, ta sha gogewa tana ɗaukar ido. Ta dangwara masa a hannu.

"Wannan ban taɓa zuba wa kowa abinci a ciki ba. Kifa ta."

Ya kifa. A gindin akwai zanen kifi, karkatacce, irin wanda yaro zai yi da ƙusa.

"Inna ta ce ta sha duka a kan kifin nan," in ji shi a hankali. Ya goge da babban yatsa, ya sake gogewa, ya ja hanci. Can sai ya gyara murya. "Nuna."

"Me kuma?"

"Ki ara min rami ɗaya. Mu binne ta, gobe in kira 'yan zauren tsofaffi, in tono ta a gabansu. Kin san abin da suke kirana a can? Sarkin murfin kwalba. Maman Dahye ba za ta faɗa wa kowa ba."

"Ni kam tuni na fara tunanin wanda zan fara gaya wa," na ce.

Malsun ta fashe da dariya har sai da ta zauna a kan kunya tana dukan cinya, hawaye na zubo mata.

"Shekara saba'in tana ƙasa, ka ce a mayar da ita don ka yi burga? Ɗauki abinka ka tafi, na ba ka, har da cokalinta. Ka ce musu a kicin ɗina ka tono, su ma su yi dariya su rage tsufa."

"Sauran huɗun fa?"

"Ka zo ka shuka min tafarnuwa, mu yi magana."

"Ko a mafarki."

"Jibi da safe. Ka zo da safar hannu."

Ya cire hularsa ya shimfiɗa a ƙasa, ya ɗora tasar a kai, ya mayar da abin ji kunnensa. Ya ratsa farantin ta samanta sau ɗaya, a hankali. Sautin da ya fito daban yake, siriri ne, mai tsawo. Ya sake ratsawa, ya rufe ido.

"Ashe haka muryarta take," ya ce.

Malsun ta buɗe baki za ta mayar masa, sai ta fasa, ta bar shi ya saurara.