Ranar da Na Rage wa Kwamfuta Guzuri

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na hana manoman Goronyo ruwa ba, ni kaɗai, da yatsuna da shegen iyayina.

A lokacin ina magatakarda a ofishin ƙungiyar masu noman rani da ke shan ruwan madatsa. Tunda na taɓa yin kwas ɗin wata uku a Sakkwato, sai aka laƙaba mini Injiniya, ni kuwa na amsa har da gyara zaman hula. Kwamfuta ɗaya gare mu, tsohuwa, mai manhajar Linux a ciki, kuma a cikinta jerin rabon ruwa yake: layin wane zai sha da hantsi, na wane sai azahar. Duk Asabar da safe mu buga jerin a takarda, Alhaji shugabanmu ya sa hannu, sannan mai tsaron ƙofar ruwa ya buɗe. Ba takarda, ba ruwa, don an taɓa fasa kai a kan rabon nan.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne nawar kwamfutar wajen tashi. Ka kunna ta ka yi ta tsaye kamar mai jiran mota ta cika a tashar Rabah. Sai na yi ɗan bincike (irin karatun rabi da rabin nan da ya fi jahilci haɗari) na gano yadda abin yake. Babbar ma'ajiyarta a kulle take da kalmar sirri. Kafin ta kai can, akwai wani ɗan ƙunshin fayiloli da take fara ɗauka, kamar guzurin matafiyi. Da abin da ke cikinsa take gane kayan jikinta, ta tambaye ka kalmar sirri, sannan ta buɗe sauran. Na leƙa ƙunshin na gan shi fal da tarkace. Na ce haba, ashe ga ɓarawon! Ranar Juma'a bayan masallaci na zauna na yi ta zubarwa, duk fayil ɗin da ban san sunansa ba na yanke masa hukuncin ba shi da amfani. Na ɗaure sabon ƙunshi ɗan firit, na kashe ta, na tafi gida. Ban gwada ba. Ina ruwan gwani da gwaji?

Da safe manoma sun cika gindin darbejiyar ofis. A cikinsu har da surukina, Baba Manu na Boyekai, wanda bai daɗe da dasa albasa ba, kuma layinsa ne farkon shan ruwa a ranar. Na gaishe shi a durƙushe, na shiga ina taƙama. Na kunna. Wallahi ta tashi kamar an tsikare ta, nan da nan ta nemi kalmar sirri. Na dubi Alhaji don ya shaida aikina, na danna kibod. Shiru. Ko ɗigo bai fito a allo ba. Na sake dannawa, na buga, na jijjiga waya. Kamar ina yi wa dutse magana.

To a nan ne na yi babbar kwaɓar. Akwai Madam Rifkatu, malamar gona 'yar Zuru da muke ofis ɗaya, takan sha kunun gyaɗarta a teburin nan. Maimakon in tuhumi kaina, sai na ɗaga murya yadda na waje za su ji.

"Madam, wa yas sha kunu bisa kibod ɗin ga?"

Ta ce, "Ni na sha kunu, Injiniya, amma a bakina na zuba."

Na ce ai ga shi nan ta kashe mana kaya. Na hau babur na aro wani kibod a shagon buga takardu na kasuwa. Bai yi ba. Na koma na roƙo na asibiti. Shi ma ƙememe. Rana ta take, zufa ta jiƙa mini riga, a waje an fara "wai mi ake jira?" Sau biyu Madam na cewa in bari ta duba, ina ce mata wannan ba aikin takin gona ba ne (Allah ya yafe mini wannan baki).

Alhaji dai ya gaji. Ya ce, "Injiniya, kunun ga har asibiti yab bi kibod? Tashi ka ba ta wuri."

Madam ta mayar da kibod ɗinmu na asali, wanda na ce ta kashe. Ta sake kunnawa, kuma a ɗan jerin zaɓin da ke giftawa a allo da farko, wanda ban taɓa tsayawa na karanta ba, ta danna ƙasa. Kibod ya amsa! Ta zaɓi wani tsohon tsarin tashi da ke cikin jerin, da yake shi tsohon ƙunshinsa na nan ban kai gare shi ba. Kwamfuta ta tashi da nawarta ta kullum, ta karɓi kalmar sirri, takarda ta fito.

Madam ta juyo. "Mi kat taɓa jiya?"

Na faɗa, murya can ƙasa. Ta ce fayil ɗin da ke sa kwamfutar ta ji kibod a wannan gaɓar yana cikin abin da na zubar. Akwai wani irinsa, amma yana can cikin ma'ajiyar da ba ta buɗuwa sai an rubuta kalmar sirri da kibod ɗin. Na so a bar zancen a nan, amma ina! Alhaji ya leƙa taga ya fassara wa jama'a: "Ku yi haƙuri, Injiniya na yak kulle ɗaki da makulli ciki, yac ce kunu na." Dariyar da aka yi har yau tana kunnena. Surukina kaɗai bai yi ba, ya karɓi takarda ya wuce.

Sai bayan azahar ruwa ya isa layinsa. Sabon dashe kuwa bai san uzuri ba, fangali uku suka kwanta ba su tashi ba.

Na ba Madam haƙuri a gaban mutanen da na kunyata ta, wannan da sauƙi. Zuwa Boyekai washegari shi ne aiki. Na durƙusa na yi ta kame-kame, ina bayanin wai so na yi ta riƙa tashi da sauri. Baba Manu ya saurare ni har na ƙare.

"To ɗana, saurin nawa kas samu?"

"Kamar daƙiƙa goma, Baba."

"Madalla. Gobe ka taho da su gona, mu gani ko sun iya dashe."

Yini guda na yi a duƙe cikin laka ina dasa albasa, bayana bai miƙe ba sai da aka kwana uku. A nan na yarda sauri kan haifi nawa. Yanzu in na ga abin da ban san amfaninsa ba, nakan fara ɗauka cewa ni ne ban sani ba, in bar shi inda na same shi.