Gumin Kwalta

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da aka tura ni duba hanya wajen Ruwan Godiya, wata uku kacal da fara aikina. Ofishinmu na tsara jadawalin gyara kafin damina ta zauna: hanyar da ta mutu ta jira babban aiki, mai sauran rai kuma a yi maza a toshe mata tsaga, a yashe kwalbati, tun ruwa bai shige ta ba. Yankin hanyar da bai shiga jadawali ba, sai baɗi. Ni ne kuma mai cewa ga wanda zai shiga (ni da ko takalmin aikina bai gama sabawa da ƙafata ba).

Akwai wani yanki da ya burge ni, sumul, baƙi wuluk. Daga cikin mota na rubuta masa "lafiya lau". Da na sauka gaisawa da manoman da ke zaune gindin ɗorawa, wani dattijo, Baba Tanko, wanda aka ce ya yi leburancin hanya tun ana zuba kwalta da bokiti, ya tambayi abin da na rubuta. Na gaya masa.

"Injiniya, hanyar ga gumi take," in ji shi. "In ka bar ta, masararmu ba ta fita bana."

Na yi dariya, na bayyana masa cewa kwalta ba ta da jini balle gumi (har Turanci na surka, Allah Ya yafe mini).

Bai yi musu ba, ya ce in biyo shi. Ya nuna mini wata tsaga siririya kamar zare, gefenta da danshi, alhali kwana huɗu da ruwan farko, ko'ina ya bushe. Ya ƙwanƙwasa sandarsa nan, ƙam. Taku biyu gaba ya sake, sai ƙasa ta amsa kamar ganga. Ya ce karan dawa ne ya toshe kwalbati, ruwa ya rasa mafita yana cin jar ƙasar ta ciki. Haka ya bi yana nuna wurare bakwai, bai ɓata ko ɗaya ba. Ban taɓa ganin mutum yana sauraren hanya ba.

Amma masu babura sun tsaya, jama'a sun taru, girman kai ya hana ni sallamawa. Na hau gefen kwaltar na ce kowa ya duba ƙarfinta, na ɗaga ƙafa na buga iya ƙarfina.

Ta rufta. Na nutse har gwiwa cikin laka mai sanyi.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Baba Tanko ya miƙo mini sandarsa na kama na fito, takalmi ɗaya ya rage a ciki.

"Sannu, ɗana," ya ce. "Yanzu ka iya rubutawa."

Na rubuta, ina tsaye da safa. Yankin ya hau saman jadawali, aka toshe tsagar, aka yashe kwalbatin, da kaka motocin masara suka wuce. Oga ya yaba mini kaifin ido, na ce ba idona ba ne.

Tun ranar, in dattijo ya faɗi abin da babu shi a littafi, shiru nake yi in bi bayansa. In kuma gardama ta kama dole, da baki nake yin ta, ƙafafuna biyu a ƙasa.