Manhajar Da Ba Ta Taɓa Mutuwa Ba

Jama'a, jiya na fita neman tarakta, na dawo gida da labarin tantabara da ciwon kai.

Kun dai san bana an ce mana an daina bin layi don a yi wa mutum haro da tarakta a gona. Mai Girma Alhaji Yanka-Kintinkiri, Allah Ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya zo da jiniya ya ƙaddamar da wata manhaja: ka danna wayarka, tarakta ta taso har gonarka. Ni kuwa 'yar gonata ta Zinyau ita ce tuwon gidana na shekara. Hammadu mai shanun huɗa ya yi mini tayi tun da wuri, na dube shi na ce ya yi haƙuri, mu yanzu mun waye. Ya ce to, ya ba wasu gurbina.

Tun daga ranar nake danna waya, wani ɗan zobe yana ta juyawa kamar akuya a turke. Ruwan shuka ya sauka, maƙwabta suka shuka, geronsu ya fito. Jumai, matata, ta ce, "Malam, ko wayar za mu binne mu gani ko za ta tsiro?" Na hau babur sai Rano, ofishin da ba zan faɗi sunansa ba.

A gindin darbejiyar ƙofar ofishin na tarar da mutum biyun da suka haɗa manhajar, Murtala da Sa'adiya. Musu suke kamar za su daku. Na ɗauka gyara suke tattaunawa. Ashe shi Murtala cewa yake babu kiwo kamar na tantabara, ita kuwa Sa'adiya ta dage zomo ya fi ta hankali da nama.

Na yi sallama na ce, "'Ya'yan nan, abin naku ya mutu ne?"

Murtala ya waiga hagu da dama. "Baba, rufa mana asiri, ba a cewa ta mutu a nan. Tara biyar aka rubuta mana a yarjejeniya."

"Tara biyar na me?"

"Kashi casa'in da tara, ɗigo tara, tara, tara. Wato a duk shekara ba a yarda ta kwanta fiye da kamar minti biyar ba."

"Ko alwala ba ta da izinin tsayawa ta yi," in ji Sa'adiya, suka tuntsire da dariya.

Na tambayi wanda ya nemi wannan uwar taran. Suka ce Mai Girma ne da kansa. Ya ji wasu a wani wuri suna da huɗu, ya ce a ƙara masa ɗaya. Har ya yi faɗa, wai don me za a tsaya a tara alhali akwai goma. Kun ji hangen nesa irin na manya.

Suka shigar da ni ɗakin da babbar kwamfutar take. Duhu, zafi, shiru. A bayan taga akwai shatin baƙin mai a ƙasa, inda janareto yake zama kafin a are shi zuwa gidan Mai Girma, don yana da baƙi. Baƙin nan, masu albarka, tun kafin azumi ba su tafi ba. Amma a bango ga hoton Mai Girma yana murmushi, an rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe cewa manhajarsa ba ta taɓa tsayawa ba, ɗari bisa ɗari.

Na ce, "Wannan ƙaryar wa ya gilla ta?"

Sa'adiya ta ce, "Wallahi Baba ba ƙarya ba ce, abin da na'ura ta ƙirga ke nan." Ta nuna mini wata 'yar na'ura mai aikin gadi, wadda ke duba ko manhajar tana raye. "Mun ce a ajiye ta wani wuri dabam da batirinta. Suka ce almubazzaranci ne, a jona su a soket ɗaya. To in wuta ta ɗauke, tare suke barci. In ta dawo tare suke farkawa, mai gadi ta duba ta ga manhaja a tsaye, ta rubuta lafiya lau."

"Kun faɗa wa manyan?"

"Mun faɗa. Suka ce kada wanda ya taɓa soket ɗin, sakamako yana kyau."

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji idona ya yi zafi. Su dariya suke, ni gonata nake gani fayau. Murtala ya ce in ina so zai ara mini tantabara ta riƙa kai saƙon, don tasa ba ta taɓa fashin dawowa gida ba. Sa'adiya ta harare shi, ta rage murya. "Baba, kada ka jira. Ko ta tashi, taraktar tana wurin fenti. Za a nuna ta ranar da za a karrama Mai Girma."

Daga nan na zarce rugar Hammadu, na durƙusa na gaishe shi kamar suruki. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Malam, ai na ɗauka kun waye." Zai zo, amma sai ya gama da mutanen Durba da Nariya. Kafin nan lokacin gero ya wuce, sai dai in watsa wake. Bana rumbuna ba zai ga zangarniya ko ɗaya ba.

Duk da haka ina taya Mai Girma murna, kuma na kwaikwayi tsarinsa. Na tara Jumai da yara na sanar da su cewa daga yau ba za mu riƙa duba ciki ba sai lokacin da tuwo yake gabanmu. Da wannan lissafin, bana gidana babu wanda zai kwana da yunwa, ɗari bisa ɗari.