Tabarau Mai Kama Ɓarauniya

"...da gajiya kuma? Ko da yake mai zaman keken ɗinki ina ta ga gajiya," in ji Direba, yana sunkuyo da kai cikin shagon taubashiyarsa, 'yar kawunsa.

Bai ƙarasa shiga ba ya hango abin da ya kawo shi zaune daram a kan hancinta: baƙin tabaransa na tuƙi, wanda ya ɓata tun ranar da ta je gaida mahaifiyarsa. Gobe yana da doguwar tafiya, ga damina, kuma in rana ta bugi jiƙaƙƙiyar kwalta ba tabarau, hawaye yake ta yi kamar an yi masa rasuwa.

"Bawana, shigo ka share mini ƙyallaye," ta ce.

"'Yar Kawu, ɗinki da baƙin gilashi a cikin ɗaki? Shi ya sa rigunanki hannu ɗaya ke girmar ɗaya. Wannan ai nawa ne."

"Naka? A bakin titi na saya, irinsa sun cika faranti."

"Nawa ba na faranti ba ne. Shi haske da kike gani, wani a tsaye yake tafiya, wani a kwance. Ƙyallin kwalta malalaci ne irinki, a kwance yake zuwa. Gilashina yana da matsefi a ciki, na tsaye kaɗai yake bari ya wuce."

"Matsefi. Wanda ya gudu daga aji uku yau shi ke taje haske."

"Kaɗan kika ji. Da shi nake ganin maganar rediyo tana wucewa ta saman mota. Har hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti yana kamawa. Da yana idona yanzu, da na hango ƙaryar nan kwance a cikinki."

"To ai ba ya idonka. Kawo shaida ko ka ba ni wuri."

Direba ya zaro tsohuwar wayarsa mai fasasshen gefe, ya buɗo hoton wata riga, ya ce, "Bar zancen. Inna ta ce ki ɗinka mata irin wannan."

Ta leƙa. "Wuyan ya yi kyau."

"Bari in kwantar miki, ki ga hannun."

Ya juya wayar a kwance. Ta matso, ta yamutsa fuska.

"Ta mutu. Baƙi ƙirin. Dama wannan akwalar tuntuni ta cancanci jana'iza."

"Zame gilashin kaɗan."

Ta zame shi zuwa ƙarshen hanci. Ga riga nan tar, wayar lafiyarta lau. Ta mayar, duhu. Ta sake zamewa, riga.

"Na juya hasken wayar ya kwanta, matsefina ya hana shi shiga," in ji Direba, yana gyara tsayuwa. "Na faranti bai iya wannan ba. Da bakinki kika ba da shaida."

Dariya ta ƙwace mata har keken ya girgiza. Ta cire gilashin ta miƙa masa.

"Ungo tsiyarka. Adana maka na yi, tunda kai ko hularka ba ka iya riƙewa."

Ya goge shi da bakin riga ya maƙala, ya laluba aljihu ya ajiye mata wani na roba mai karkataccen hannu.

"Ga na faranti. Shi ba ruwansa da tona asiri."