Yadda Za Ka Yi Suna da Zumunci Ba Tare da Ka Je Dubiya Ba

Ɗan'uwa, idan kana da aboki kwance a asibiti, kuma kana son unguwa ta ci gaba da kiranka mutumin kirki ba tare da ƙafarka ta taka ƙofar asibitin ba, to ka faɗo hannun gwani. Sunana Garba, shekarata hamsin da huɗu, ina zaune a Gyaɗi-Gyaɗi. Daga ƙofar gidana zuwa asibitin koyarwa tafiyar minti goma sha biyu ce a ƙafa, ga wanda ke tafiyar. Aminina Tanko, malamin makaranta da ke zaune a Daurawa, ya yi kwana talatin da takwas a can bayan mota ta buge shi ta karya masa cinya. Ban je ba ko sau ɗaya.

Tanko kuwa ba abokin gaisuwar hanya ba ne. Tare muka fara koyarwa shekara talatin da suka wuce, shi ya zo daga Zonkwa, ni ɗan gari. Da mahaifiyata ta rasu, kwana uku ya yi yana shimfiɗa tabarmi yana raba ruwa a wurin zaman makoki, duk da shi ɗan coci ne, har baƙi suka riƙa yi masa ta'aziyya suna zaton ƙanena ne. Idan har na iya ƙin duba irin wannan mutum kuma sunana bai ɓaci ba, kai naka ai ruwa ne. Bi matakan nan yadda na jera su, ni na tsaya maka.

Mataki na 1: Ɗaura niyya a gaban shaida

Ranar da labari ya iso, ka miƙe tsaye ka yi salati da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Ka ce a miƙo maka hula. Ka sa takalmi ƙafa ɗaya. Daga nan ka dubi agogo, ka girgiza kai, ka ce yau dai za a yi masa cinkoso, marar lafiya yana bukatar hutu, gobe in Allah ya kai mu da sassafe.

Shaidata ita ce matata Uwani. Ta ga hular, ta ga takalmin. Ita kuwa ta yafa mayafi ta tafi a ranar, amma wannan halin mata ne, ba su san tsari ba.

Mataki na 2: Tsara rayuwarka bisa muhimmanci

Masu wa'azin gyaran rayuwa na cikin waya sun ce mutum ya rubuta abubuwan da ke gabansa, mafi muhimmanci a sama. Ka sayi sabon littafi domin wannan. Ni a layin farko na rubuta ZUMUNCI da manyan baƙaƙe, na ja masa layi biyu. A ƙarƙashinsa aski, gyaran fanka, kallon ƙwallo, da sauran ƙananan abubuwa.

Sirrin shi ne ka fara aiki daga ƙasa. Mai hawa tsani ai ba daga sama yake farawa ba. Kullum za ka tarar ƙasan ya sake cika, saman kuma yana nan a matsayinsa na daraja, babu wanda ya taɓa shi.

Mataki na 3: Sayi kayan dubiya a bainar jama'a

An ce zumunci a ƙafa yake. Gaskiya ne, amma ba a faɗi inda ƙafar za ta tsaya ba. Da la'asar, lokacin da ake barin masu dubiya su shiga, ka je bakin titi ka sayi lemo da ayaba. Ka sa a zuba maka a farar leda, ba baƙa ba, domin a ga abin da ke ciki. Ka biyo ta gaban majalisarku kana sauri.

Wani zai ce, “Malam Garba, sai ina da yamma haka?”

Kada ka yi ƙarya, ƙarya ba halin dattijo ba ce. Ɗaga ledar kawai ka ce, “Tanko ne fa.” Za su ce Allah ya ba da lada. Ka amsa da amin, ka sha kwana, ka zagayo ta bayan layi ka shige gida.

Ayaba ba ta jira. Kwana biyu za ta fara baƙi, almubazzaranci kuwa ba kyau. Ka cinye, ka yi wa marar lafiya addu'a kana ci. Ni sau biyar na yi wannan sayayya, har mai lemon ya fara tambayata ya mai jiki.

Mataki na 4: Mallaki labarin ciwon

Mai zumunci na gaske ana gane shi da bayani. Idan matarka ta dawo daga asibiti, ka tatse ta a hankali kamar ba da gangan ba: wane gado ne, wace ƙafa ce, yana cin abinci kuwa? Washegari ka kai majalisa da ɗuminsa.

“Ai ƙarfe aka sa masa a cinyar. Jiki da sauƙi, sai dai ya zube sosai. Gadonsa na kusa da taga.”

Murtala mai shagon kwanarmu, wanda shi ya je sau ɗaya amma bai iya ba da labari ba, ya dube ni ya ce, “Kai dai Malam Garba akwai riƙon amana. Irinku sun yi ƙaranci.” A nan ka sunkuyar da kai ka ce ai yi wa kai ne. Tawali'u yana ƙara wa mutum kwarjini.

Mataki na 5: Kiyayi kira, riƙe saƙo

Kada ka kira shi. Kira yana zuwa da tambaya. Ka tura masa hoton fure mai ɗauke da addu'ar samun lafiya, irin wanda ake yawo da shi a waya, kowace safiya kala daban. Idan shi ya kira, ka zuba wa wayar ido har ta gaji, sannan ka rubuta, “Ina tafe.”

A nan zan faɗa maka abin da sauran masana ke ɓoyewa. Dubiya kamar tuwo take. Idan ta kwana ɗaya ana ɗumama ta, har ta fi daɗi. Idan ta yi sati biyu, ba ka da fuskar da za ka kai ta gaban mutane. Makon farko lalaci ne ya hana ni. Daga na biyu kunya ce ta karɓi aikin, ita kuwa ba ta zuwa hutu. Kowace rana da ta wuce, bayanin da zan yi a bakin gadon nan yana ƙara tsawo.

Rana ta ashirin na yi ta maza. Na kai har bakin ƙofar asibitin da ledata. Sai na hango Rahila, matar Tanko, ta sauko daga adaidaita da kular abinci a hannu ɗaya da filo a ɗaya, ta rame kamar ita ce marar lafiyar. Na tuna gaisuwar da za ta yi min, cikin ladabi, “Baban Hafsa, yau kai ne?” Na laɓe a bayan wata motar ɗaukar marasa lafiya har ta shige. Wannan shi ake kira sanin ya kamata: ba a tare mace da kaya a hannu.

Mataki na 6: Samo naka ciwon

Ranar da za a ritsa ka tana zuwa. Ni a gida aka ritsa ni, ina cin ɗanwake.

Uwani ta ajiye mayafi ta ce, “Malam, yau Tanko da bakinsa ya tambaye ni. Ya ce, wai Garba lafiya kuwa? Na ce lafiya lau. Ya juya fuska bango. To gobe me zan ce masa?”

Kada ka firgita. Ka ajiye cokali, ka kai hannu baya a hankali, ka cije leɓe. Ciwon baya shi ne sarkin uzuri: ba ya kumbura, ba ya zazzaɓi, babu mai iya leƙawa ya ce babu shi.

“Baya ne, Uwani. Ban so in tayar miki da hankali ba.”

“Bayan da ka ɗauko buhun shinkafa da shi jiya?”

“Ai shi ya tayar da shi.”

Ta daɗe tana kallona, irin kallon da ake yi wa nama a kasuwa. Ta ce, “Zan faɗa yadda ka faɗa. Alhakin kuma a bayan naka.”

Tun daga ranar na samu sauƙi. Tanko ya daina kira, ya koma turo min hoton fure.

Mataki na 7: Idan marar lafiyar ya zo duba ka, ka kwanta

Wannan matakin ba ya cikin tsarina na asali. Ranar Laraba ce da hantsi, ina tsaye a kan kujera ina sauya ƙwan fitila a falo, sai na ji adaidaita ta tsaya a ƙofar gida, na ji sallama da muryar da na sani shekara talatin.

Uwani ta leƙo. “Malam, Tanko ne. An sallame shi, ko gida bai je ba. Za ka sauko, ko in ce ya shigo ya riƙe maka kujerar?”

Ban san ina da sauran gudu ba sai ranar. Kafin ta ɗaga labule na miƙe a kan tabarma, na jawo zanen gado na rufa har ƙirji.

Daga zaure zuwa falona taku goma sha biyar ne. Tanko ya yi su cikin kusan minti huɗu. Ina kwance ina jin sandunansa biyu suna bugun siminti, ƙwas, sai ja, ƙwas, sai ja, Rahila na biye tana cewa a hankali. Ya shigo ya jiƙe da gumi, rigar ta yi masa yawa. Aka taimaka masa ya zauna a kujerar da na sauko daga kanta, ya miƙe ƙafar. Rahila ta ajiye leda a gefena. Lemo ne da ayaba, cikin wanda masu dubiya suka kai masa.

“Garbati, ya jikin?”

“Da sauƙi,” na ce, da muryar da na ga ta dace.

“Kai ma dai tsoho ne, sai taurin kai. Ciwo ya kama ka ka yi shiru?” Ya juya wajen matarsa. “Ban gaya miki ba? Na ce Garba in ba ki gan shi ba, to a kwance yake. Wallahi duk wanda ya shigo ɗakin nan sai na leƙa bayansa ko kai ne. Har na fara zargin ko na yi maka wani laifi. Da aka ce min baya ne, sai na ji kunya ta kama ni, na ce ka ga, ina nan ina ƙullatar bawan Allah yana can yana fama.”

A irin wannan lokaci ka kalli silin. Kada ka kalli matarka, wadda ke tsaye a bakin ƙofa da tiren ruwa.

“Ba komai,” na ce. “Na yafe.”

Uwani ta ajiye tiren da ɗan ƙarfi.

Tanko ya ɓare ayaba ya miƙo min, ya ce baya ba abin wasa ba ne. An rubuta masa gashin ƙashi duk Talata da Alhamis, kuma ya riga ya yi wa ma'aikaciyar wurin bayanina, ta ce ya zo da ni a buɗe min kati. Zai riƙa biyowa ta nan da adaidaita ƙarfe bakwai.

Mataki na 8: Sha maganinka

Mutumin da ya ƙi zuwa asibiti sau ɗaya yanzu yana zuwa sau biyu a mako. Ma'aikaciyar, yarinya ce sa'ar 'yata, ta kwantar da ni ta danna nan ta danna can. “Baba, ina ne yake ciwo?” Na ce yawo yake. Ta rubuta wani abu, ta ba ni motsa jiki kala shida, wanda cikin ikon Allah ya jawo min ciwon baya na kwana biyu.

Sauran lokacin a benci muke, ni da Tanko, awa biyu muna jiran layi. Ina riƙe masa sanda, yana ba ni labarin ɗalibanmu na da, wane ya zama ɗan sanda, wane ya zama abin da muka yi hasashe. In an kira shi ina jin yadda yake nishi a ciki idan ana lanƙwasa ƙafar.

A mako na uku, ya fito yana share hawaye da hula, ya zauna kusa da ni. Na ji ba zan iya ci gaba da ƙaryar ba kuma.

“Tanko, bayan nan fa lafiyarsa lau. Tun farko lafiyarsa lau. Ban zo ba ne kawai. Na yi nauyin ƙafa, daga baya kunya ta hana ni.”

Bai dube ni ba. Ya gama goge fuska, ya karkaɗe hular ya mayar. 

“Kwana talatin da takwas, Garba.”

“Na sani.”

“Kuma ka ce ka yafe min.”

“Na faɗa.”

Ya miƙo hannu, na ɗauka sanda yake so, ashe kafaɗata ya dafa ya miƙe. “To mun gode wa Allah da lafiya. Tunda bayanka ƙalau yake, ranar Alhamis ka fito ƙarfe shida ka kama mana layi. Kuma ka sallami katin nan, kana tare wa masu ciwo wuri.”

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Wanda ya bi matakan nan abokinsa ya daina gaishe shi, ko matarsa ta koma yi masa magana da tire, ko ya wayi gari yana neman gafarar gurgu a kan bencin asibiti, ya nemi wanda zai kama, ba ni ba. Ban kuma yi alkawarin naka abokin zai zama irin Tanko ba. Wannan ba a sayar da shi a bakin titi. Mai ƙorafi ya same ni a layin gashin ƙashi ranar Talata ko Alhamis, ƙarfe shida na safe. Ni ne na farko a benci, mai riƙe wa wani wuri.