Robar Lemo a Tashar Maigatari

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a tashar motar Maigatari ba, ko da na so in manta kuwa, domin direbobin garin ba za su bar ni ba.

A lokacin ina aiki da wata ƙaramar ƙungiya a Gumel, mai wayar da kan jama'a game da shaye-shaye. Aikina magana ce. A ɗora ni a mota ko babur, a sauke ni gaban taro, in yi bayanin yadda ƙwaya da maganin tarin nan mai sa maye suke cinye mutum, a tafa, in sha ruwan leda, in kama hanyar gida. Kayan aikina kuwa wata ƙwaƙwalwar roba ce mai girman kan mutum, wadda ake iya raba ta gida biyu. Duk inda na je da ita sai wani ya tambaye ni ko ta saniya ce, ko kuma da romo ake cin ta. (Dariyar da nake yi wa wannan barkwanci ta daɗe da ƙarewa, haƙora kawai nake buɗewa.)

A makon muka yi baƙuwa, Dokta Maryam, mai bincike kan ƙwaƙwalwa daga wata jami'a. Tana son ta gane dalilin da ya sa masu aikin ƙarfi da direbobin doguwar hanya suke kasa rabuwa da ƙwaya ko da sun yi niyya. Mace ce mai kirki, amma Allah bai halicce ta da gajiya ba. Ran Litinin muna Gagarawa wajen manoma masu haɗiyar ƙwaya don su jure noma. Ran Talata muna Sule Tankarkar, inda ruwan sama ya kama ni a kan babur ya yi mini dukan kawo wuƙa. Na wayi gari Laraba da mura da tari, jikina kamar an daka a turmi, ga shi ranar ce babban taro. Jajiberin kasuwar Maigatari ne, manyan motocin ɗaukar shanu sun cika gari, direbobi na zaune suna jiran gobe.

Akwai ragowar maganin tari a gida, irin wanda kowa ke saye a kemis, babu komai na maye a cikinsa. Sai dai murfin kwalbar ya tsage. Matata, Maman Hanifa, don kada ya zube mini a aljihu, ta wanke wata 'yar robar lemo ta juye shi a ciki.

"Cokali biyu fa aka ce," in ji ta.

"Na ji," na ce, ina neman takalmi.

Wa ke yawo da cokali a motar haya? Tsakanin Gumel da Maigatari, duk lokacin da tari ya taso sai in ɗaga roba in kurɓa. Ban karya kumallo ba, ban kuma taɓa damuwa da karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar ba, inda na ji daga baya an ce yana sa barci. (Ni ne fa mai faɗa wa mutane su riƙa karanta takardar magani.)

An shirya mana rumfa da bencuna a gefen tasha. Shugaban direbobi, Alhaji Sabo, dattijo mai farin gemu da murya kamar hon ɗin tirela, shi ya buɗe taro da addu'a, sannan ya miƙa mini abin magana. Ni zan fara, Dokta ta ɗora.

Gaskiya na yi ƙoƙari, ko da yake tun a lokacin na fara jin harshena ya yi nauyi. Na ce musu, "Ya 'yan uwa, mai shaye-shaye ba ya ɓuya. Za ka ga idonsa ya yi ja ya lumshe. Maganarsa tana jan ƙafa. Barci na ɗaukarsa a inda mai hankali ba ya barci. Kuma maganin tarin ba a kwalbarsa yake yawo da shi ba, a robar lemo yake juyewa don kada a gane." Suka gyaɗa kai, wasu suna zungurar juna. Ganin magana ta shiga, sai na ƙara gishiri da abin da babu shi a darasin ma. Na ɗaga yatsa na ce, "Babbar alama kuwa ita ce musu. Ka tambaye shi, zai rantse maka da Allah tari yake yi."

Aka tafa. Na zauna a kujera kusa da Dokta, na rungume ƙwaƙwalwar roba a cinya don in riƙa ɗaga mata idan ta zo nuni.

Dokta ta iya bayani. Ta ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ke sa mutum jin daɗi idan ya ci abinci ko ya ga ɗansa, ƙwaya kuma tana matso shi da yawa har sauran daɗin duniya su zama lami. Ta ce gaban ƙwaƙwalwa, nan bayan goshi, shi ne birkin mutum, kuma shaye-shaye birkin yake cinyewa a hankali, shi ya sa faɗa da zagi ba sa tsayar da wanda ya yi nisa. Direbobi suka kasa kunne, don kowa ya san motar da birkinta ya mutu a gangara. Ina jin muryarta tana nisa, tana nisa. Iska mai sanyi ta bayan ruwa tana kaɗawa. Na ce bari in ɗan lumshe ido kaɗan.

Abin da ya tashe ni ƙarar faɗuwar abu ce. Na buɗe ido na ga ƙwaƙwalwa a ƙasa ta rabe biyu, rabi ya yi gabas, rabi ya shige ƙarƙashin benci. Kaina ya karkace, hulata ta zame, yawu ya jiƙa mini kafaɗa. (An ce har minshari na yi, kuma abin magana na kusa da bakina. Ban nemi ƙarin bayani ba.) Na zabura zan ɗauko ƙwaƙwalwa, sai robar lemo ta sulluɓo daga aljihuna, ta gangara a hankali kamar an aike ta, ta tsaya daidai ƙafar Alhaji Sabo.

Ya ɗauka. Ya ɗaga ta sama ya duba ruwan nan mai kauri. Ya buɗe ya shinshina.

"Malam," in ji shi a hankali, "wannan lemon na wane kamfani ne?"

Na miƙe. Ƙafafuna suka ce ba da su ba, sai da na dafa kujera. Na buɗe baki, maganar ta fito tana jan ƙafa kamar tsohuwar akori-kura a yashi.

"Alhaji... wallahi... maganin tari ne."

Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Wani ya faɗo daga benci. Wani ya ce, "Ai duk maganin tari ne!" Na ce, "A'a, ba irin wancan ba ne, tari nake yi, wallahi tallahi." Na yi ƙoƙarin in yi tarin don su gani, amma maganin ya yi aikinsa, ko ƙyas bai fito ba. Sai wani direba ɗan Damagaram ya miƙe daga baya ya ɗaga yatsa daidai yadda na ɗaga nawa, ya ce, "Mushe, babbar alama!" (A can wajensu mushe malami ne. Amma a ranar, ma'anarmu ta nan ta fi dacewa da ni.)

Dokta Maryam ce ta cece ni, iyakar yadda za a iya ceton wanda ya riga ya nutse. Ta karɓi robar, ta ce maganin mura na yau da kullum ma yana sa barci idan aka sha fiye da ƙima, kuma direba ya kiyaye shi kafin ya hau hanya. Sannan fuskarta ta canza ta ce, "Amma a ce gaskiya ne yana sha. Yanzu da wannan dariyar taku, wa zai fito a cikinku ya ce yana neman taimako?" Ta yi magana mai kyau, amma ni abin da kunnena ya riƙe shi ne "a ce gaskiya ne", kuma na tabbata su ma shi suka riƙe.

Da aka tashi na lallaɓa bayan wata tirela na zauna a kan taya, ina addu'ar ƙasa ta tsage. Sai ga wani mutum siriri mai furfura a gefen kai ya zo da kofin shayi ya miƙo mini. Ya ce sunansa Ɗan'azumi, ya yi shekaru yana jan motar shanu zuwa kudu. Ya tsuguna kusa da ni, bai yi dariya ba ko kaɗan.

"Sha, Malam. Ni ma haka na yi ta cewa tari ne, har sai da na kifar da mota da yaron mutane a ciki. Allah ya sa bai mutu ba, amma har yau yana ɗingishi. Yanzu na daɗe rabona da shaye-shaye."

"Malam Ɗan'azumi, ni fa da gaske..."

"Na sani," ya ce, yana dafa gwiwata. "Ba sai ka faɗa ba yau. Muna da ɗan zama a Gumel duk Juma'a bayan la'asar, mu da muka bari da masu son su bari. Ba mai yi wa wani dariya a can. Zan zo in ɗauke ka."

Na dubi idonsa. Tun da na fara wannan aiki ban taɓa yi wa wani mai shaye-shaye magana da taushi irin wanda mutumin nan ya yi mini ba. Ga gajiya, ga barci, ga kunya. Ƙarfin musu ya ƙare mini. Na ce, "To, Allah ya kai mu."

Labari ya riga ni isa Gumel. Ina shiga gida na tarar da Maman Hanifa ta rasa dariya za ta yi ko kuka, ga Inna mahaifiyata zaune a tabarma da carbi, ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, da me na rage ka?" Washegari shugaban ofishinmu ya kira ni ya ce shi bai yarda da zancen ba, amma sunan ƙungiya ya shiga bakin duniya, don haka sai an gwada ni. Aka miƙo mini ɗan kofin roba na gwajin fitsari, irin wanda ni nake miƙa wa mutane ina ce musu ba abin kunya ba ne. Abin kunya ne. Gwaji ya nuna ba komai, na tsira da aikina, amma wannan labarin bai ko kai bakin titi ba. Wa zai ɓata yawunsa a kan cewa ba a sami komai ba?

Abin da ban zata ba shi ne, bayan 'yan makonni direbobi suka fara leƙowa ofis ɗaya bayan ɗaya, suna sunkuyar da kai suna tambayar "malamin nan da shi ma yake sha". Wai shi ne zai fahimce su. Da farko nakan ɓata lokaci ina wanke kaina. Daga baya na gaji, sai kawai in jawo kujera in ce mutum ya zauna, in saurare shi, in haɗa shi da likita. Zaman Juma'a kuwa na je, don Ɗan'azumi ya zo da babur har ƙofar gida kamar yadda ya alkawarta, kuma har yanzu nakan je. Na faɗa musu gaskiyar abin da ya faru, suka gyaɗa kai cikin ladabi, wani ya ce, "A hankali, Malam, kowa da lokacinsa."

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne. Idan za ka zana wa jama'a kamannin mai laifi, ka fara leƙa madubi, ka kuma lalube aljihunka. Cokali biyu kuma cokali biyu ne.

Har yau idan na haɗu da Ɗan'azumi a hanya, yakan riƙe hannuna da hannu biyu, ya rage murya ya ce, "Malam, ya ƙoƙari?"

Ni kuma in ce, "Ana ta yi."